Ta Inda Duma Ke Zurarewa

Direbobin haya ne suka fara ƙorafi, su da suke wuni da rediyo a kunne. Wani ya bugo waya cikin shirin gaishe-gaishe, bai gai da kowa ba, ya ce don Allah a roƙi mai karanta labarai ya fito daga cikin tankin ruwan da ya shiga, ya yi wa mutane magana a sarari. Wani kuma ya ce duk sanda aka sa wasan kwaikwayon mako sai ƙofar motarsa ta kama karkarwa, har wata fasinja ta nemi ya tsaya ta sauka, wai motar za ta watse. An yi dariya a gidan rediyon, an yi ta maimaita zancen tankin a wajen shan shayi har ya gundure. Mutum ɗaya ce ba ta dara ba, domin duk shirin da ake naɗa kafin a watsa, ta ƙarƙashin yatsunta yake bi.

Uwar Sauti ake ce mata. Ta samu sunan tun zamanin da ake yanka zaren kaset da reza a liƙe shi da salatif, kuma yawancin masu kiranta da shi yanzu ba su taɓa ganin zaren ba. Aikinta shi ne ta zauna a ƙaramin situdiyo, gaban teburin haɗa sauti, ta daidaita murya da kiɗa. Ta dakushe inda ya yi tsini, ta cika inda ya rame, ta sa duma, wato kaurin nan na ƙasa da ƙirji ke ji kafin kunne ya ji, daidai yadda ake sa gishiri. Tun da aka mayar da ofishin masu talla bayan bangonta, bangon kuwa na katako ne, aka hana ta kunna manyan sifikoki, wai tana firgita masu kawo talla. Sai aikin ya koma kan hedifon kaɗai. Nata ne na kanta, baƙi, mai rufe kunne ruf, kuma ya girmi rabin ma'aikatan gidan a aiki.

Manaja ya kira ta ofishinsa wata safiya. Ita ce ta koya masa riƙon makirufo lokacin da ya zo da takardarsa sabuwa fil da takalmi mai ƙara, shi ya sa har yanzu Anti yake ce mata, kuma ba ya iya kallon idonta in zai faɗi abu mara daɗi. Ya cire tabaraunsa mai kaurin baki ya goge, ya mayar, ya yi ta kewaye-kewaye. Ya yabi shekarun da ta yi. Ya ce kunne ba ƙarfe ba ne, kowa ya san shekaru na cin sa. Ya ce ɗakin ajiyar tsofaffin kaset na bukatar mutum mai sanin tarihin gidan, kuma ba wanda ya kai ta.

Ta san ɗakin. Yana ƙarshen baranda, ba taga, warin tsohuwar takarda. Can ake kai abin da ba a son jefarwa kuma ba a son gani.

"Yallaɓai," ta ce, "kowa ya sani ba hujja ba ce. Tsufa daga sama yake fara cin kunne. Siririn sauti yake ɗauka, kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi. Ni abin da ke ɓace mini na ƙasa ne."

"To ke nan, Anti, kin yarda akwai abin da ke ɓace miki."

Ta ji kamar ta ciji harshenta. Suka rabu a kan za ta je a duba kunnen, shi kuma zai jira.

Gaskiyar maganar ita ce akwai abin da ke ɓacewa. Sai ta zauna, ta sa hedifon, ta kunna shiri, ta ji muryar Mai Labarai, wadda ta sani kamar hanyar gidansu, ta zama wata siririyar aba kamar ta cikin wayar tarho. Sai ta tura maɓallin duma sama. Ba ya isa, ta ƙara. Allurar awo a allon kwamfuta tana ta hawa ja, amma ita ce mai gaya wa kowa cewa allura ba ta da kunne, kuma ba yau za ta fara yi wa allura biyayya ba. In muryar ta cika a kunnenta sai ta sallami shirin, ya fita gari ya kama girgiza ƙofofin motoci.

Daga ofishin Manaja kai tsaye ta nufi wajen Injiniya, mutum mai tumbi da aljihu cike da sukudireba, wanda ke ce mata Yaya. Ta tsaya a kansa ya bi tebur waya-waya. Ya canza igiya, ya hura ramin da ake soka igiyar, ya kunna ƙarar gwaji. Ya ɗora hedifon ɗinta a kan sanƙonsa, ya lumshe ido, ya ce duman nan har cikin haƙoransa yake jin sa. Ya miƙo mata. Ta sa. Duma na nan, cikakke, zagaye, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Injiniya ya dube ta da irin kallon da ake yi wa wanda ya kai lafiyayyen yaro asibiti, ya tattara kayansa. Yana fita ta rufe ƙofa, ta shirya, ta koma kan aiki, murya ta sake ramewa.

Abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. In da mutane, kunnenta lafiya lau. In ta kaɗaita, sai ya gudu. Ciwon da ke jin kunyar jama'a kuwa ta san sunan da ake ba shi, kuma ba likitan kunne ake kai mai shi ba.

Akwai wani abu da ba ta sa shi cikin lissafin ba, domin a wajenta ba ya cikin abubuwan da ke akwai. A aljihun tebur na hagu, ƙarƙashin tsumman goge maɓallai, tabarau ne. 'Yarta ce ta ja ta wajen masu gwada ido bayan ta kama ta tana karanta saƙon waya da hannu a miƙe kamar mai kashe wuta, kuma 'yar ce ta zaɓi firam ɗin, na yayi, mai kaurin ƙafafu kamar yatsa. Da shi ƙananan rubutun allon kwamfuta suka dawo tar. Amma ba wanda ya taɓa ganin ta da shi a gidan rediyon, kuma ta yi niyyar ba wanda zai gani. Ta lura da yadda abin yake tafiya. Tabarau a fuskar saurayi ilimi ake ce masa. A fuskar mace mai furfura kuwa, sanarwa ce. Wanda ta gada a kan teburin nan, daga ranar da ya fara sa shi aka fara ce masa Baba, aka fara ba shi kujera a taro, aka daina tambayarsa ra'ayi, kuma a ɗakin ƙarshen barandar nan ya ƙarasa aikinsa.

Situdiyon ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta ciki, don tare hayaniya. In an turo ta waje, iska na kaɗa ta ciki, ta busa mata a ƙeya. Wannan ɗan lokacin ya ishe ta. Hedifon ya sauka wuya, tabarau ya faɗa aljihun tebur, gwiwa ta tura aljihun, kafin mai shigowa ya yi sallama ta juyo da fuskarta ta kullum. Hannunta ya saba har ba ya neman izininta. Kullum haka, hedifon tukuna, sannan tabarau.

Ta kasa zama wuri ɗaya a kwanakin nan. Tunda tebur lafiya, sai ta koma kan hedifon. Ta san sirrinsa sarai: duma iska ce da aka kulle. Soson da ke zagaye kunne shi ne bangon ɗakin, in ya samu kafa ko ta shigar allura ce, kaurin sautin ya zurare ya bar ƙashi. Shekara da shekaru tana koya wa masu koyon aiki wannan. Ta sha zare ɗankwalin 'yan mata daga ƙarƙashin soso, ta sha cewa mai tulin gashi ya tura shi baya. Ita kanta nata ɗaurin a bayan kunne yake tsayawa, har mutane na zaton ado ne.

Ta duba sosonta da kyau. Fatar ta fara saɓa, cikin ya kwanta. A ranta ta ce ga ɓarawon. Ta bi layin masu kayan sauti shago-shago, cikin rana, tana matsa soso da babban yatsa kamar mai zaɓen tumatir, tana jin masu shago na ce mata Mama wannan na 'ya'yanki ne ko na jikoki. Ta samu mai kauri, mai laushi, wanda in ka danna yake dawowa a hankali. A shagon ta gwada, duma kamar ya tsaga ƙirji. Ta dawo situdiyo da saurinta, ta rufe ƙofa, ta shirya, ta kunna. Ya ɗan fi da, amma kaɗan. Muryar Mai Labarai tana nan a rame.

Sai ta ce to bakan ne ya saki, ƙarfen nan da ke hawa kai yana matse kunnuwan biyu. Ta kai hedifon gida, ta haɗe kunnuwansa, ta ɗaure tam da igiyar roba, ta ajiye shi kan kabad duk ƙarshen mako don ya koyi riƙo. Maigidanta, wanda ya yi ritaya daga koyarwa ya kama sana'ar sa ido a kan lamuran gida, ya tsaya gaban kabad ɗin da hannu a baya ya tambayi laifin da bawan Allah ya yi aka ɗaure shi haka. Ta share ɗakin da aka riga aka share. Ta ɗora ruwa ta manta. Ta zauna ta tashi. Ta shiga kicin ta ƙwanƙwasa gindin babbar tukunya da dunƙulen hannu, ta kasa kunne, ta sake ƙwanƙwasawa ta ɗaya kunnen. Ta sa shi ya tsaya bayan labule ya yi ta gyaran murya can ƙasa-ƙasa tana faɗin ko ta ji. Ya yi, har ya ƙware da tari.

"Ni dai shaida ne," ya ce yana share hawaye, "kunnen nan yana jin abin da na faɗa a zuciyata ma. Ki bar shi ya huta."

Ya ƙara da cewa in ma an kai ta ɗakin kaset ɗin mene ne, ai hutu ne, ga shi shi tun da ya huta hawan jininsa ya sauka. Ta dube shi, ta dubi silifas ɗinsa da jaridar jiya a hammatarsa. Ta koma ta sake ƙwanƙwasa tukunya.

Ran Litinin hedifon ya kama kanta kamar maƙata. Kafin azahar gefen kanta biyu na zafi, wani zafi mai tsini daidai saman kunnuwa, har da sawu ja in ta shafa. Ta ɗauka matsin ne ya yi yawa. Duma kuwa ko gezau.

Asibitin kunne bai ɗauki lokaci ba. Aka sa ta a wani ɗan akurki mai bango da soso, aka ɗora mata hedifon ɗinsu, aka ce ta danna in ta ji ƙara. Ba abin karantawa a wurin, don haka tabarau na can cikin aljihun teburin situdiyo. Likitar, wata mai fara'a da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, ta ce sama ya ɗan zaizaye kamar yadda ake tsammani, amma ƙasa, inda duma yake, kunnen yarinya gare ta. Uwar Sauti ta fito da takardar a hannu tana jin kamar ta tare mota ta nuna wa direba.

Manaja ya karanta, ya juya bayan takardar ko akwai ci gaba. Sai ya ce alhamdu lillahi, ya yi murna ƙwarai. Amma fa, in kunne lafiya kuma na'ura lafiya, shirin kuwa yana fita yana girgiza gari, to abin da ya rage ya fi wuyar faɗa. Wataƙila gajiya ce. Wataƙila hankali ne ya rabu. Ya ce kashin ƙarshe na wasan kwaikwayon nan da gari ke bi za a watsa ran Juma'a, masu ɗaukar nauyinsa sun riga sun yi magana, ba zai iya sake jin zancen tanki ba. Ta haɗa shi, shi da kansa zai saurara a motarsa kafin ya fita. In ya yi, to. In bai yi ba, Injiniya zai riƙe teburin kafin a samu wani.

Ta gane takardar ba ta cece ta ba, ta dai ɗauke tuhumar daga kunne ta ɗora a kan kai.

Ranar da za ta haɗa wasan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu. Injiniya ya zo ya buɗe cikinta, ya yi tsaki, ya ce sai an sayo wani abu, ya tokare ƙofar waje da kujera don iska ta riƙa shiga, ya tafi. Ba ta lura da kujerar ba. Ta rufe ta ciki, ta sa tabarau, ta ɗora hedifon.

Wasan ya ƙare ne da hadari. Uba na tsaye a bakin ƙofa yana kiran ɗansa da ya yi fushi zai bar gida, sama na ruri a bayansu. Ta san rurin nan, ita ta naɗo shi da hannunta wata damina daga saman rufin gidan rediyon, kuma ta san yadda ya kamata ya zauna a ciki. Abin da ke zuwa kunnenta kuwa kamar ana yayyaga takarda. Ta tura maɓalli. Allura ta hau ja. Ta janye hannu, ta mayar da shi ƙasa, ta ce yau za ta bi allura. Ta saurara, ta ji wasan ya mutu, uban kamar yana magana ta hanci. Ta sake turawa. Ta sake janyewa. Gumi na bin bayanta. Ta tashi ta zaga ɗakin iya tsawon igiya, ta dawo ta zauna. A karon farko a rayuwarta ba ta san wanda za ta gaskata ba, kunnenta ko allo, kuma ta fara tunanin ko akwai fanka a ɗakin kaset.

Hadarin na tsaka da ruri ta ga inuwar mutum ta faɗo kan tebur. Ba iska a ƙeya, ba gargaɗi. Ƙofar ciki ta riga ta buɗe. Hannunta ya rikice, ya tsallake hedifon, ya cafki tabarau ya fizge shi ta gaba. Ƙafafunsa suka zare daga ƙarƙashin soso, soson ya koma ya manne da fata.

Sama ta faɗo mata a ka. Rurin ya cika kwanyarta, ya sauka ƙirji, ya girgiza mata haƙora, muryar uban ta fito daga can ƙasan tanki, daidai yadda direban ya kwatanta. Ta zauna sandare da tabarau a hannu.

Mai Labarai ne, da kofin shayi biyu. Sa'anta ne, tare suka shigo gidan, kuma shi kaɗai ke shigar mata ba ƙwanƙwasawa. Bakinsa na motsi, ba ta jin komai. Ta ɗaga masa hannu ya dakata. A gabansa, tana kallon sa yana kallon ta, ta zura ƙafafun tabarau ƙarƙashin soso. Hadari ya koma takarda. Ta zare. Ya dawo. Ta zura, ta zare. Ta kai yatsa saman kunnenta inda ke mata zafi, ta ji kwarmin da ƙafar tabarau ta yi, 'yar hanya siririya daga gefen ido zuwa bayan kunne. Ta nan yake fita. Ita da ta zare ɗankwalin 'yan mata ba adadi.

Ta sauke hedifon. Mai Labarai ya ajiye mata kofi, ya ja kujera, ya ce firam ɗin ya yi mata kyau, ya daɗe yana son ganin sa ido da ido.

"Ka sani?"

"Hajiyata, kullum kina fitowa daga ɗakin nan da ramuka biyu a karan hanci. Na ɗauka dai ba ki shirya gabatar mana da shi ba."

Ta tambaye shi ko duk gidan an sani. Ya ce matan ofishin talla sun sani, Injiniya ba ya lura da abin da ba shi da waya a jiki, Manaja kuwa ba ya kallon fuskarta balle hancinta. Da ta bayyana masa abin da ta gano, ya yi dariya har shayi ya zuba a wandonsa, ya ce ashe wata uku yana cikin tanki saboda kwalliya. Sannan ya sassauta murya ya ba ta shawara irin ta masoyi. Ta gyara wasan shiru, ta miƙa, ya fita lafiya, magana ta mutu. Ba sai kowa ya ji dalili ba. Shi bakinsa alaikum.

Bayan ya fita ta haɗa wasan. Ta duba allo da tabarau, ta ajiye shi, ta saurara da kunne. Ta sauke duma zuwa inda allura ta daɗe tana roƙon a sauke shi, ta ɗan yi wa allurar kallon neman gafara. Hadari ya zauna a bayan uban, yana ruri ba ya cinye shi. Aikin bai ɗau lokaci ba. Shawarar ce ta hana ta tashi.

Ta juya ta ta kowane gefe. In ta yi shiru, wasan Juma'a zai yi kyau, Manaja zai ce Allah ya taimaka. Amma ciwon da ya tafi ba dalili, kowa zai zauna jiran dawowarsa. Duk ranar da wani shiri ya ɗan karkace, ko laifin mai makirufo ne, za a dubi juna a ce abin Anti ne ya motsa. Za ta riƙe teburin kamar mai zaman haya, tana jiran sammaci. In kuma ta faɗa, kunnenta da kanta sun fita, amma ta miƙa musu idonta da hannunta, kuma ta san abin da suke yi da irin wannan kyauta. Ta buɗe aljihun tebur ta rufe. Ta sake buɗewa.

Da la'asar ta aika a kira Manaja, ta ce ba sai ya je mota ba. Ya shigo yana fifita da fayil. Ta zaunar da shi a kujerarta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta ɗora masa hedifon a kan tabaraunsa mai kaurin baki, ta kunna tsohon haɗin, wanda ke girgiza motoci. Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa, ya ce da ƙarfi irin na mai hedifon a ka cewa shi bai ji wani aibu ba a nan. Ta ce ya bar hedifon inda yake, ya zare tabarau kawai. Ya zare. Ta ga kafaɗunsa sun zabura, ya kai hannu zai cire abin daga kansa. Ya mayar da tabarau, ya sake zarewa, bakinsa a ɗan buɗe kamar ranar da ta fara nuna masa yadda murya ke canzawa in an matso makirufo.

Ta yi masa bayanin iska da kafa a taƙaice. Ya gyaɗa kai, ya gyaɗa, sai kuma ya tsaya. Ya kanne ido yana neman fuskarta, don ba tabarau ba ya gani sosai.

"Na gane, Anti. Amma ke ai ba kya sa tabarau."

Ta miƙa hannu ta gefen gwiwarsa, ta ja aljihun hagu, ta ɗaga tsumma. Ta sa shi a fuskarta, ta gyara masa zama, ta tsaya.

Ya mayar da nasa don ya gani da kyau. A karon farko cikin watanni ya kalli idonta, ta cikin gilashi biyu. Ya tambayi tun yaushe. Ta ce tun ranar da Mai Labarai ya shiga tanki. Ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Ya saurari sabon haɗin har ƙarshe, tabarau a cinya, kuma da uban ya kira ɗansa kira na ƙarshe ya sauke hedifon a hankali. Ya tashi ya ba ta kujerarta. Ya ce zancen ɗakin kaset a bar shi. A bakin ƙofa kuma ya juyo, da muryar nan mai taushi da ta fi tsoro fiye da faɗa, ya tambaya ko allon bai yi mata ƙanƙanta ba, ko a nemo mata babba, kada ta riƙa wahalar da idon.

"Da wannan, Yallaɓai, har ƙurar da ke kan naka ina gani. A gyara mini na'urar sanyi dai."

Wasan ya fita ran Juma'a, ba ƙofar da ta yi karkarwa. Wani direba ma ya bugo ya ce an yi masa rowa, shi ya saba da jijjigar, tana hana shi gyangyaɗi.

Kafin ta je a canza mata firam zuwa mai siririyar ƙafa, ta samo dabara. Sai ta ɗaga ƙafafun tabarau ta ɗora su a saman soso maimakon ƙarƙashinsa, gilashin ya sunkuyo kan hancinta kamar zai sha ruwa. Muni kam ya yi muni, duma kuwa ba ya zuwa ko'ina. Haka take zama yanzu, kuma in iska ta busa mata a ƙeya hannunta na zabura ya nufi fuska, sai ta tsayar da shi a hanya ta ba shi wani aikin.

Ran Litinin ta shigo ƙofar gidan rediyon da tabarau a fuska. Mai gadi, wanda shekara da shekaru hannu kawai yake ɗaga mata daga inuwa, ya taso da sauri har yana tuntuɓe, ya ce sannu da zuwa Mama, ya kama hannun jakarta zai ɗaukar mata. Ta riƙe. Ya ja kaɗan cikin ladabi, ta ja da ƙarfi ba ladabi. Suka tsaya haka a tsakar rana, jaka a tsakaninsu, har ya saki. Ta rataya abarta, ta haye matakala ba ta taɓa ƙarfen riƙo ba, ko da yake gwiwarta ta so ta taɓa.